Malmala Biyu da Miyar Kuka: Masu Mayar da Tuwo Lissafi

Tambayi mace a Miga me ta ci jiya da daddare, za ta ce maka tuwo. In ka matsa mata, ta ce malmala biyu da miyar kuka, da 'yar bandar tarwaɗa da maigida ya shigo da ita. Amsa ta cika, kuma babu ƙarya a cikinta. Sai dai likitan da ke neman dalilin ƙarancin jini ga masu juna biyu, da jami'in da zai yanke wane sinadari za a ƙara wa fulawa ko man girki, babu abin da za su tsinta a cikin "malmala biyu". Su giram suke so, da miligiram. Tsakanin bakin matar nan da alƙaluman da ake ajiyewa gaban minista a Abuja akwai wata sana'a da ba kasafai ake jin sunan masu ita ba, kuma na daɗe ina ganin ta cancanci yabo irin wanda ake yi wa gwanin maƙeri ko masaƙi. Masu ita su ne ke haɗa kundin sinadaran abinci, su kuma yi aiki da shi wajen binciken abin da jama'ar ƙasa ke ci.

Kundin ba ya ɗaukar ido. Layuka ne jere, kowane layi abinci ɗaya: gero ɗanye, gero surfaffe, wake dafaffe, kuka busasshiya. A gaban kowanne an rubuta abin da ke cikin giram 100 na ɓangaren da ake ci, wato ruwa kaza, furotin kaza, maiƙo kaza, sinadarin ƙarfe, zinki, kalsiyum, bitamin A, har ƙarshen shafi. Ko wannan magana ta "ɓangaren da ake ci" aiki ce mai zaman kanta. Sai da wani ya zauna ya zare ƙayar karfasa ya auna ta daban, ya fitar da ƙwallon mangwaro, ya kankare ɗan abin da haƙori ke samu a jikin goruba, kafin a san kashi nawa ne ke shiga ciki, nawa ke tafiya juji.

Alƙaluman kuwa daga ɗakin gwaji suke fitowa. Ana busar da abinci a tanda mai zafin digiri 105 har nauyinsa ya daina raguwa, abin da ya tafi shi ne ruwa. Ana ƙona wani kashi a zafin kusan digiri 550 har ya zama toka, a cikin tokar nan ma'adinai suke. Furotin ba a auna shi kai tsaye. Tun 1883 wani masani ɗan ƙasar Denmak, Johan Kjeldahl, ya fito da hanyar auna naitirojin da ke cikin abinci, kuma da yake kusan kashi 16 cikin 100 na furotin naitirojin ne, sai a ninka abin da aka samu da 6.25. Ƙarfin da abinci ke ba jiki kuma ana lissafa shi da ƙa'idar Wilbur Atwater na Amurka, wanda ya fitar da nasa kundin a 1896: giram ɗaya na furotin kalori 4, na sitaci 4, na mai 9. Shi ya sa ludayin man gyaɗa ɗaya ke sauya lissafin tukunya gaba ɗaya.

Mu nan ba yau aka fara wannan aiki a kanmu ba. A 1949 wani likita, B. M. Nicol, ya buga bincike kan abincin manoman yankunan Bida da Kontagora da Zuru. Farfesa Oyenuga na Jami'ar Ibadan ya yi littafi kan abincin Nijeriya da abin da ke cikinsa, wanda aka daɗe ana dogaro da shi. A 1968 hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta fitar da kundi na Afirka baki ɗaya. Tsakanin 1970 da 1971 Emmy Simmons ta cibiyar binciken noma ta Samaru ta bi abincin gidaje a ƙauyuka uku na ƙasar Zazzau. Kundin Afirka ta Yamma na 2012 yana da abinci 472, na 2019 ya kai 1,028, a tsakaninsu kuma masanan Nijeriya suka fitar da na gida a 2017. Binciken ƙasa baki ɗaya an yi shi daga 2001 zuwa 2003, sannan aka yi shiru na kusan shekara ashirin, sai a 2021 Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya da cibiyar IITA ta Ibadan suka sake fita, suna tambayar mata 'yan shekara 15 zuwa 49 da iyayen yara 'yan wata 6 zuwa 59. A wannan karon da ƙananan kwamfutocin hannu aka shiga gidaje, ɗauke da manhajar INDDEX24 da Jami'ar Tufts ta Amurka ta ƙera.

To amma kwamfuta ba ta iya tambaya. Mu ƙaddara muna tsakar wani gida a Miga da hantsi, an shimfiɗa tabarma a inuwar darbejiya, ma'aikaciya ta zauna da matar gida. Mace ake turawa, don ita ke iya wuce zaure.

"Yaya, jiya da kika tashi, me kika fara sa wa a baki?"

"Ɗumame, Malama, sai kunu."

Ba za ta tambayi yawansa ba tukuna. Zagayen farko jeri kawai take so, daga asuba zuwa kwanciya, ba ta katse ta. A zagaye na biyu take komawa ta tsefe kowane abu. Tuwon me ne? Dawa. Kaura ko farfara? An surfa, ko haka aka kai inji? Kunun na tsamiya ne ko na kanwa? An sa sukari? Zagaye na uku na awo ne. Na huɗu kuma ta karanto mata duka, tana bin sawun yinin da ita.

"Da kika fita da la'asar, ko kin biya wani gida?"

"Af! Na sha fura a gidan ƙanwata."

Nan ake tsinto abin da baki ke mantawa: gyaɗar da aka ɓare ana hira, awarar da 'yar talla ta shigo da ita, magaryar da yaro ya zo da ita a aljihu. Gwanar ma'aikaciya ba ta taɓa cewa "kin ci nama?" Ta san kunya. Matar da tukunyarta ta yi kwana goma ba ta ga tsoka ba tana iya cewa e don ta rufa wa mijinta asiri, wata kuma ta rage abin da ta ci don tana zaton tallafi za a kawo. Saboda haka tambayar a buɗe take, "me da me aka sa a miyar?", fuska kuma ba ta nuna mamaki ko tausayi, ko me aka faɗa. Wannan riƙon fuska da ladabi ni a wurina rabin sana'ar ne.

Akwai kuma matsalar da duk Bahaushe zai hango: ba ma cin abinci kowa da farantinsa. Yara huɗu a kwano ɗaya, wa zai ce ga rabon auta? Hanyar da Rosalind Gibson da Elaine Ferguson suka tsara don ƙauyukan Afirka ta tanadi wannan. Ana zuwa tun kafin ranar, a ba uwa kwano da faranti, a roƙe ta gobe ta zuba nata da na yaron daban, ta kuma lura da yawan abin da aka ci, ba tare da ta sauya girkinta ba. Ranar tambaya sai a miƙa mata wani abu mai laushi irin yumɓun wasan yara, a ce ta cura daidai girman tuwon da ta ci. Hannun da ya shekara ashirin yana kwasar tuwo da mara ba ya kuskuren girman malmala sosai. A ɗora curin a kan sikeli. Miya da kunu kuma a ce ta ɗebo ruwa ko busasshiyar shinkafa da ludayinta, ta zuba a kwanonta zuwa inda miyar ta tsaya. Da yake curin yumɓu da curin tuwo girmansu ɗaya amma nauyinsu daban, akwai wani jadawali na musamman da ke mayar da wannan zuwa wancan, shi ma sai da aka yi ta awo kafin a same shi.

Yanzu an san matar nan ta ci tuwo, a ce giram 600. Nan ne inda aikin ya fi burge ni, domin a ɗakin gwaji gari aka auna, ita kuwa ba gari ta ci ba. Garin dawa yana da kusan kalori 350 a giram 100. Mu ɗauka ta yi talge, ta tuƙa kilo ɗaya na gari, tuwon da ta kwashe ya kai kilo huɗu. Ke nan a kowane giram 100 na tuwonta gari giram 25 ne, sauran ruwa, malmalarta biyu kuwa kalori 525. Maƙwabciyarta mai son tuwo da tauri ta tuƙa kilo ɗayan ya ba ta kilo uku. Ita giram 600 nata kalori 700 ne. Gari ɗaya, sikeli ɗaya, amma bambancin ya kai abincin ƙaramin yaro na zama guda. Wanda ya manta da ruwa, ya ɗauki layin ɗanyen gari ya ninka da nauyin tuwo, zai rubuta cewa matar ta ci kalori 2,100 a zama ɗaya, ya mayar da mai ƙaranci mai ƙoshi a kan takarda. Haka shinkafar fadamar Hadejia: ɗanya kusan 350, dafaffiya wajen 130.

Don kauce wa wannan, kafin a fita tambaya akwai masu zama a madafa. Suna auna tukunya babu komai. Suna auna kowane abu kafin ya shiga: kuka, daddawa, barkono, kifi, mai, gishiri, ɗan dunƙule, har ɗan gutsuren kanwa. In an sauke su sake auna tukunyar da abin da ke ciki. Ba gida ɗaya ba, gidaje da dama, sannan a fitar da matsakaicin girki da za a kira miyar kuka ta wannan yanki. Dubi abin da wannan ke bayyanawa. Busasshiyar kuka tana da kalsiyum fiye da miligiram 1,000 a giram 100, alhali madarar shanu wajen 120 take da shi. Mai karanta kundi kawai zai ce ai an gama, masu miyar kuka ba su da matsala. Mai zaman madafa kuwa ya ga cewa giram 30 aka kaɗa a tukunyar mutum goma, kowa giram uku ya samu. Kuka tana da albarka, amma a tukunya ake sanin yawan albarkar da ta isa cikin mutum.

Lissafin ruwan nan ya fi tsanani a kan yaran da ake shirin yayewa. Cikin yaro ɗan shekara ɗaya bai wuce ya ɗauki kofi guda a zama ɗaya ba. Kunu mai ruwa-ruwa yana iya zama kalori 30 ko 40 a giram 100, nonon uwa kuwa yana kusa da 70. Uwa ta ga ciki ya cika ta yi hamdala, alhali abin da ya cika shi bai kai nonon da ya maye gurbinsa ba. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 64 cikin 100 na yaran Jigawa 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, tsayinsu bai kai na shekarunsu ba, a lokacin da na ƙasa baki ɗaya yake kashi 37. Ma'aunin tsayi ya faɗi cewa akwai ciwo. Kundi da littafin girki su ke nuna inda yake, su kuma nuna cewa cokalin garin ƙuli-ƙuli, ko na wake, ko na busasshen kifi a cikin kofin kunun nan ba ƙaramin abu ba ne.

Wuta ma tana da nata rabon. Bitamin C da wasu daga cikin dangin bitamin B suna lalacewa da zafi, kuma kanwar da ke sa wake saurin nuna, ta sa kuɓewa yauƙi, tana ƙara musu lalacewa. Shanya ganye a rana tana cinye wani kashi na sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A, wanda rashinsa ke kawo dundumi. Zogalen da ya bushe a inuwa ya fi wanda aka baza a rana. Manja da aka soya har ya yi fari ya rasa abin da ya sa shi ja, kuma wannan jan shi ne amfaninsa. Mai kundi yana da alƙaluman rangwame na kowace irin dahuwa, tafasa daban, suya daban, turara daban, yana ragewa kafin ya rubuta.

Sai batun suna, inda ƙwararre ke bambanta da ɗan koyo. Ba kowane abinci aka gwada a gida ba, gwaji yana da tsada, don haka ana aron alƙaluma daga kundin wasu ƙasashe. Aro kuwa yana da tarko. Bature yana kiran gero da tamba da wasu ƙananan hatsi da suna ɗaya. Tamba tana da kalsiyum fiye da miligiram 300, gero bai kai 50 ba. Wanda ya ɗauko layin tamba daga kundin Indiya ya manna wa furar Miga ya ba mutane ƙashin da ba su da shi. Alayyafonmu ma ana kiran sa da sunan wani ganyen Turai da ba shi ba ne. Waken da muke nomawa daban yake da waken da aka fi ci a Amurka. Daddawar kalwa daban, ta batso da ake yi da 'ya'yan yakuwa daban, ta waken suya daban. Saboda haka mai kundi yana bin sunan kimiyya na tsiron, yana duba ko ruwan da ke cikin abin da ya aro daidai yake da na nasa, in ba daidai ba ya gyara lissafi. Yana kuma haɗa ruwa da furotin da mai da sitaci da harza da toka ya ga ko sun tashi kusa da 100. In sun tashi 112, akwai ɓarna a wani wuri, kuma ba zai wuce layin ba sai ya gano ta. A gefen kowane adadi yana rubuta inda ya samo shi, gwaji ne, aro ne, ko ƙiyasi. Wannan gaskiyar ta rubuta "ƙiyasi ne" a inda ƙiyasi aka yi, ita ce ta sa nake girmama su.

Sinadarin ƙarfe shi ya fi ba su wahala. Hatsin da aka sussuka a ƙasa yakan kwaso turɓaya, turɓaya kuwa cike take da ƙarfe, sai gwaji ya nuna adadi mai yawa wanda jiki ba ya cin moriyar akasarinsa. Surfe yana tafiya da wani kashi na ƙarfe da zinki cikin dusa, a ba awaki. Amma a cikin hatsin akwai wani sinadari, fayitet, mai riƙe ƙarfe ya hana hanji tsotsa, kuma jiƙo da tsimawa irin na ƙullun koko suna rage shi. Shayi a kan abinci yana hana tsotsar, ɗan kifi ko nama da abu mai bitamin C suna taimaka mata. Ke nan miligiram goma a kundi ba miligiram goma ba ne a jini, kuma mai fassara sakamakon dole ya san abin da aka ci tare da me. Ga kuma sababbin iri: geron Chakti da aka fitar a Nijar a 2018 an zaɓe shi ne don yawan ƙarfensa, ya zama yana bukatar layinsa. Haka mai. Tun farkon shekarun 2000 doka ta wajabta wa masana'antu ƙara bitamin A a man girki da sukari da fulawa, kamar yadda aka wajabta sa aidin a gishiri tun 1993 don maganin maƙoƙo. Man gyaɗar da mata ke matsewa a gida, wanda shi ne a kwalaben gidaje da yawa na karkara, wannan doka ba ta kai gare shi ba. In ma'aikaciya ba ta tambayi "man daga ina?" ba, lissafi zai raba wa ƙauye bitamin ɗin da ya tsaya a kantin birni.

Yini ɗaya ba ya wakiltar shekara, su ma sun sani. Jiya tana iya zama ranar suna, ko ranar kasuwa, ko ranar da ba a ɗora tukunya ba sai dare. Don haka ake komawa wurin wani kashi na mutanen a wata rana dabam a sake tambaya, a yi amfani da bambancin wajen gano abin da aka saba ci. A ƙasar fadama kuwa shekara kanta kala-kala ce. Tsakiyar damina rumbu ya yi ƙasa, tafasa da rama da lalo sun yawaita. Da kaka ga sabon gero. In ruwa ya fara janyewa kifi ya yi araha, da rani kuma ga tumatir da albasa da alkama daga lambu. Shekarar da kogi ya yi ambaliya irin ta 2022, duk wannan tsari ya rikice. Ƙorafina ɗaya a nan shi ne, binciken 2021 an tsara shi ne ya ba da sakamako shiyya-shiyya, shida a ƙasa. Matar Miga mai kawara da bado a kusa da ita ta narke a cikin matsakaicin Arewa maso Yamma, tare da matar tudu wadda sai ta yi wata ba ta ga ɗanyen kifi ba. Jihar da yaranta ke cikin wannan hali ta cancanci bincike nata na kanta, da littafin girki na fadama da na tudu, kuma akwai jami'o'i a Dutse da Kafin Hausa da ke kusa da madafan da za a zauna.

Wani lokaci ma'aikaciya takan ji sunan abincin da ba shi da layi a kwamfutarta. Ba ta jefa shi cikin mafi kusa da shi don ta huta. Takan rubuta sunan yadda aka faɗa mata, da yadda aka sarrafa shi, ta aika wa masu kundi. In abin ya yawaita a bakin mutane, sai a tashi neman samfuri. Ba a saye a wurin mutum ɗaya, don kifin wannan tafki ba lallai ya yi daidai da na wancan ba. A sayi kaɗan a kasuwar kifi ta Hadejia, kaɗan a Gujungu, kaɗan a wurin masu banda na ƙauyukan bakin kogi, a haɗa su su zama samfuri ɗaya. A ɗauki hotonsa kusa da abin awo, a auna shi da ƙaya, a auna shi ba ƙaya. Ƙananan kifi da ake daka su a ci har kai da ƙashi a ware su daban, domin kalsiyum ɗinsu a ƙashin yake. Sannan a ƙulle a leda mai kauri, a sa cikin akwatin ƙanƙara don kada zafin hanya ya taɓa bitamin, a manna takarda a jiki: sunansa da Hausa, sunansa na kimiyya, kasuwar da aka saya, ranar da aka saya, da ko ruwa na cike ne ko ya janye.